Jar giyar Rioja da abincinmu: me ya dace da ita?

Tambaya: Girkin biki nake yi a Jos. An ba ni aikin wata liyafar aure a Rayfield, masu bikin kuma za su kawo jar giyar inabi ta Sifaniya mai suna Rioja, an rubuta Crianza a jikin kwalbar. Yaya ɗanɗanonta yake, kuma me zan dafa?

Amsa: 'Yar'uwa, Rioja yanki ne a arewacin Sifaniya, a bakin kogin Ebro, kuma inabin da ya fi yawa a giyarsu shi ne Tempranillo. Crianza tana nuna an ajiye ta aƙalla shekara 2 kafin a sayar, shekara 1 daga ciki a gangar katako. Reserva shekara 3 take yi, Gran Reserva kuwa 5. Crianza ba ta da zaƙi. Tana da ɗan tsami, da ƙamshin banila da gangar ta ba ta, sai kuma bauri mai kama baki irin na goro. Wannan baurin shi zai jagoranci girkinki, domin kitse da gishiri ne ke kwantar da shi.

Saboda haka naman rago ne kan gaba. Mutanen Rioja kansu haƙarƙarin ɗan rago suke gasawa a garwashin rassan inabi su ci da ita. Ki yi balangu ko gasasshiyar cinya da tafarnuwa, albasa da gishiri, ki haɗa da dankalin turawa, wanda ba ya wuya a Jos. Tsire ma ya dace, in an sassauta yaji.

Inda ake ɓata lamarin shi ne barkono. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, kuma barasa ƙara zafin attaruhu take yi, sai baki ya ɗauki raɗaɗi, giyar ta koma ɗaci. Farfesun kayan ciki da kilishi mai yaji ba abokan tafiyarta ba ne. Ki zuba yajin a gefe, mai so ya barbaɗa. Kifi mai maiƙo kuwa yakan bar ƙarni da ɗanɗanon ƙarfe a baki.

A sha ta a sanyin digiri 16 zuwa 18. Da hunturun Jos ba sai an yi komai ba, amma a watan Maris ki sa ta a firij minti 20. Kada a bar katan ɗin a but ɗin mota cikin rana, zafi yana kashe ƙamshinta. Kwalba mai mililita 750 tana ba da kofi 5.

Tambaya: Ni daga Garki, Abuja. Baƙina Musulmi ne. Wacce aka rubuta ba ta da barasa ta wadatar?

Amsa: Malam, iri biyu ne. Akwai wadda aka yi giya tukuna sannan aka cire barasar, kuma takan rage har kashi 0.5. Akwai kuma ruwan inabi zalla da bai taɓa zama giya ba, wanda a Sifaniya ake rubuta wa mosto. Shi za ka saya, ka karanta bayan kwalbar da kyau. Yana da zaƙi, don haka yana jure yajin kilishi da farfesu, kuma da sanyi sosai ake shan sa.