Ga ƙanenmu mai neman maganin ƙarfin maza

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce wata huɗu ke nan sha'awa ta ɗauke maka, ko ka kusanci iyali abin sai ya kwanta, har madam ta hwara zargin wata kake nema waje, kana son a gaya maka maganin da za ka saya. An jero maka sunaye da yawa, ni ba zan ƙara ko ɗaya ba, don abin da ka saka can ƙarshe shi ya tsaya mini a rai, wai bashi ya yi maka katutu kuma ba ka barci.

Ni ma na taka wannan sawun a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka ruhe boda, ni kuwa kayan Kano nake ɗaukowa ta Jibiya da Ɗan Isa in saida a babbar kasuwa, ga kuɗin mutane jaka ɗari takwas a wuyana, ga kuran, wato wutar lantarki, babu tunda Najeriya ta yanke, dare ya raba ina kwance ido biyu ina lissahi kamar mai tusa hadda. Ranar farko da abin ya ƙi na ce gajiya ce. Rana ta biyu tun ina alwalar isha'i gabana ke faɗuwa, yau ma ko zai ƙi? Ai kuwa ya ƙi. Daga nan ba bashin ba ne ma ke kashe ni, tsoron jin kunya ne, sai na koma zaman fada wajen shayi har sai na tabbata ta yi barci.

Abokai suka ce ɗaure ni aka yi. Na sha jiƙo, na sha hayaƙi, jaka ashirin ta tahi a banza.

Wani ma'aikacin lahiya da muke sahu ɗaya a masallaci shi ya warware mini. Ya ce in kare ya biyo ka, kana tuna mace? Jiki bai san bambancin kare da mai bin bashi ba, duk sinadaran tsoro, adrenalin da kortizol, yake saki, hanyoyin jini su tsuke, alhali gaba ba ta miƙewa sai hanyoyin nan sun saki jini ya cika ta. Rashin barci kuma yana rage sinadarin maza, testosteron. Ya tambaye ni ko da asuba ina tashi da ƙarfi, na ce e. Ya ce to galibi injin lahiya lau yake, direban ne hankalinshi ba ya wurin. Duk da haka sai da ya tura ni likita aka auna sukari da tansiyo, wato hawan jini, don su biyun nan suna cin jijiya a ɓoye. Kai ma ka je, kar ka ce ai kai yaro ne.

Ƙwayoyin nan na masu yawo da tire cikin rana, ko da na gaskiya ne mai sildenafil, jini kawai yake taimaka ma, ba ya kawo sha'awa, kuma mai shan wasu magungunan ciwon zuciya in ya haɗa tansiyonshi na iya faɗuwa warwas. Tramol kuwa kar ma ka soma, yau ya jinkirta maka, gobe ya kashe sha'awar ɗungurungum.

Abin da ya hi yi mini wuya shi ne gaya ma uwar ɗiyana. Da na daure na hwaɗa mata adadin bashin, wallahi kuka ta yi, ashe ita tana can tana kashe kuɗin adashenta wajen kayan mata, ta zaci ita ce ta gundure ni. Muka yi shawara sati biyu ba mai neman kowa, hira kawai da ɗan tausa, in barci ya zo a yi. Masu bina bashi kuma na ɗauki baffana muka same su aka yanka mini biya kaɗan-kaɗan. Bashin bai ƙare ba lokacin, amma na daina ɓuya in waya ta yi ƙara, kuma wajen wata na uku abin ya dawo da kanshi wata asuba ba tare da na shirya ba.

In kuma ka ga abinci ma ya hita ranka, ko kana jin gara mutuwa, wannan ya wuce zancen shimhiɗa, ka gaya ma likita ƙarara. Ita madam ta san nawa ake bin ka?