Amsa ga 'yar'uwar da ke son zama malamar kimiyya bayan 'ya'ya sun tasa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce shekarunki sun doshi arba'in, autarki ta shiga sakandare, kin yi ajin kimiyya kafin a yi miki aure, kuma kina son ki san ko lokaci ya ƙure miki, da kuma ƙofar da za ki bi har ki zama malamar kimiyya. Na ga mutane da dama sun ƙarfafa miki gwiwa da cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya suka faɗa. Ni ma sai da 'ya'yana suka tasa na koma aji, yanzu kuwa ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Abin da zan ƙara a kan maganarsu shi ne, ba shekaru ne za su wahalar da ke ba, lissafi ne da aikin ɗakin gwaje-gwaje, saboda haka duk hanyar da aka nuna miki, ki tambaya ko za ta gyara miki waɗannan biyun.

Kafin komai, ki ɗauko sakamakon jarrabawarki ta kammala sakandare ki duba shi da kyau. Sakamakon WAEC ko NECO ba ya tsufa, ko da ya shekara ashirin a ƙasan akwati. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da darussan da kike son karantawa, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Idan akwai giɓi, WAEC da NECO duka suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu, ba sai kin sa kayan makaranta ba. Akwai kuma wani abu da yake tuntuɓe da mata irinmu, wato bambancin suna. Da yawa daga cikinmu takardar makaranta tana ɗauke da sunan mahaifi, katin ɗan ƙasa kuma yana ɗauke da sunan miji, wani lokaci har ranar haihuwar ma ta sha bamban. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB, wato jarrabawar shiga manyan makarantu, sai da lambar katin ɗan ƙasa ta NIN, don haka ki daidaita wannan tun yanzu, da takardar rantsuwa ta kotu idan ta kama, kada ki bari sai ana gab da rufe rajista.

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, wadda ake yi shekara uku a kwalejin ilimi, kuma darussa biyu ake haɗawa, kamar Bayoloji da Kemistiri, ko Lissafi da Fiziks, ko haɗaɗɗiyar kimiyya da ɗaya daga cikinsu. Mai NCE firamare da ƙaramar sakandare aka shirya ta ta koyar. Idan burinki babbar sakandare ne, za ki buƙaci digiri, kuma NCE ɗin kan ba ki damar shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Kwalejojin kuwa ba su yi mana nisa ba: akwai ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da ta Shehu Shagari a Sakkwato, da ta Aminu Saleh a Azare, da ta Gumel, da ta tarayya a Bichi, sannan ga ta tarayya a Gusau wadda mata zalla take ɗauka, abin da kan kwantar da hankalin wasu magidanta. Ƙa'idojin shiga sukan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka ki taka da ƙafarki zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai ki ji ta bakinsu, kada ki dogara da mai shagon intanet.

Za a kuma ba ki shawarar karatu daga gida. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, tana bayar da NCE ta hanyar darussan ƙarshen mako da na hutu, haka nan buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN tana da digirin koyar da darussan kimiyya. Ba na raina waɗannan hanyoyi, domin sun fitar da malamai masu yawa waɗanda da ba don su ba da ba su samu takarda ba. Amma a ganina sun fi dacewa da wanda ya riga ya kama alli yana koyarwa, takarda kawai ta rage masa. Ke da kika rabu da kimiyya shekaru masu yawa, kina buƙatar malami a gabanki da kayan gwaji a hannunki kowane mako. Idan hali bai ba ki damar zuwa kwaleji kullum ba, to kafin ki biya kuɗi a kowace cibiya ki tambaye su a ina ɗalibansu suke yin gwaje-gwaje, sannan ki nemi wata ɗaliba da ta riga ki ta tabbatar miki cewa ana yi ɗin da gaske.

Maganar lissafi ita ce wadda ba a cika faɗa wa mutum gaskiya a kanta ba. Bayoloji yakan dawo wa uwa da sauƙi, domin wadda ta yi rainon ciki, ta kai yara rigakafi, ta yi jinyar zazzaɓin cizon sauro da gudawa, ba baƙuwa ba ce a darasin jikin ɗan'adam. Kemistiri da Fiziks kuwa ba su san wannan ba. Tun a zangon farko za a haɗa ki da lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, da daidaita ma'aunin sinadarai, da juya ƙa'idar lissafi domin a fitar da harafin da ake nema, kuma malamin kwaleji zai ɗauka kin iya, ba zai tsaya ba. Na ga mata masu kaifin basira sun sauya fanni a shekarar farko, ba don kimiyyar ta fi ƙarfinsu ba, sai don lissafin ƙaramar sakandare ya zube musu. Maganinsa yana cikin gidanki. Ki karɓi littattafan lissafin 'ya'yanki tun daga na aji ɗaya, ki riƙa yin aikin da ke ƙarshen kowane babi da biro da takarda bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, kuma ki bar ɗanki ko 'yarki ya duba miki ba tare da jin nauyi ba. Wata shida na irin wannan kafin ki shiga kwaleji ya fi miki kowane darasin share fage amfani.

Ɗakin gwaje-gwaje kuma hannu yake so. Ki ɗauki gwajin da kusan kowace shekara yake fitowa a jarrabawar Kemistiri, inda ake ɗiga asid daga dogon bututun gilashi mai ma'auni zuwa cikin kwalbar alkali, wato sinadarin da yake kishiyar asid, irin su kanwa. Hannun hagu yana riƙe da ɗan famfon bututun, na dama yana juya kwalbar, ido kuma yana kan launin ruwan, domin ɗigo ɗaya ne yake sauya shi daga ruwan ɗorawa zuwa launin lemo, idan kika wuce shi sai ki sake daga farko. Sannan sai kin sunkuya idonki ya yi daidai da saman ruwan kafin ki karanta ma'aunin. Babu littafin da zai sa wa yatsunki wannan. Haka nan ƙa'idar cewa asid ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikin asid mai ƙarfi, domin zafin da yake tasowa kan sa ya fantsamo wa mutum a fuska. Malamar da ba ta taɓa yi da hannunta ba takan ji tsoron buɗe ɗakin, sai ta koma rubuta gwajin a allo yara suna kwafa, kuma wannan ne ya sa ake samun makarantar da kayan gwajinta suke cikin kwali ƙura ta rufe su.

Inda za ki fi 'yan matan ajinku kuwa shi ne ranar da aka tura ki makarantar da ba ta da ko kwalba ɗaya. Darasin asid da alkali ni da zoɓo nake koyar da shi. Nakan jiƙa shi ya yi ja, in raba a kofuna uku masu haske, in matsa lemon tsami a na farko ya ƙara yin ja wur, in bar na biyu yadda yake, in zuba ruwan kanwa a na uku ya rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. Yarinyar da ta saba ganin ana jefa kanwa a tukunyar wake takan miƙe daga benci don ta gani da kyau. Daga nan ne nake kawo sunayen Turancin, domin da Turanci za a yi musu jarrabawa, kuma ba na yarda su tafi da labarin zoɓo kawai ba tare da kalmar da za su rubuta ba. Darasin yadda ruwa yake ɗauke zafi idan yana tashi ya bi iska, randa ce take koyar da shi, kuma nakan ba su labarin Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, wanda ya sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Sai dai ki lura, sanin girki ba shi ne sanin kimiyya ba. Sai kin fahimci dalilin abin a kwaleji sannan madafarki za ta zame miki ɗakin gwaji.

Game da gida, ki zauna da maigida ku yi magana dalla-dalla, kada ki tsaya a kan "na amince" kawai. Ku yi maganar ranakun da gwaji zai kai ki yamma, da wanda zai ɗora tukunya, da makonnin jarrabawa, musamman kuma zangon koyarwar gwaji da ake kira TP, lokacin da za ki riƙa fita da sassafe kullum, ki dawo ki zauna rubuta tsarin darasin gobe, ga malamin da zai zo duba ki ba tare da sanarwa ba. Biki da suna da yawa za su wuce ki, kuma za a yi magana. Zumuncin da ya zama dole ki riƙe, sauran ki aika da gudummawa da ban haƙuri.

A aji za a kira ki Mama ko Anti, wani malamin ma ƙaninki ne a haife. Wannan ba ya daɗewa yana damun mutum. Yaran suna da saurin kwamfuta, ki koya daga gare su, domin jarrabawar JAMB da ta hukumar rajistar malamai, TRCN, duka a kwamfuta ake yin su, kuma sai kin ci ta TRCN ɗin za a ba ki lasisin koyarwa.

Ta fuskar aiki, malaman kimiyya mata suna da ƙaranci a makarantunmu na 'yan mata, musamman a Fiziks da Kemistiri da Lissafi, don haka idan lissafinki ya miƙe ina ba ki shawarar ki haɗa da ɗaya daga cikinsu maimakon ki bi inda kowa yake tururuwa. Dokar 2022 ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, ko da yake ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita a lokaci ɗaya ba. Wadda ta gama NCE tana da shekara 43 tana iya samun kusan shekara 20 a aji. Sai dai wasu sanarwar ɗaukar aikin gwamnati sukan sa iyakar shekaru, saboda haka ki riƙa karanta su da kyau, kuma kada ki raina farawa da makarantar kuɗi ko Islamiyya mai ɓangaren boko. Albashin ƙananan makarantun kuɗi sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, gara ki san da haka tun yanzu ki yi lissafin kuɗin mota. Idan kin duba takardar taki, ki faɗa mana darussan da kike da kiredit a cikinsu da kuma jihar da kike zaune, sai mu ga haɗin darussan da ya fi dacewa da ke da kwalejin da ta fi kusa. Allah ya ba da sa'a.