Yaushe Zan Nemi Mai Gida Ya Bari In Biya Kashi-Kashi?

Tambaya: Na ga wani gidan haya da nake son saye, amma abin da ke hannuna bai kai farashinsa ba. Ina so mai gidan ya karɓi wani kaso yanzu, in biya sauran kashi-kashi. Shin in faɗa masa tun haɗuwar farko, ko in bari sai ya sallama?

Amsa: Malam, lokacin da ya fi dacewa yana tsakanin biyun da ka ambata. Wanda ya fara da wannan magana tun kafin ya zagaya gidan, sai a ɗauke shi marar kuɗi, dillali kuma ya daina ɗaukar wayarsa. Wanda ya jira sai an sallama ya fi muni a ganina, domin mai gidan ya riga ya sa rai da kuɗi hannu, kuma zai ga an sauya masa magana bayan an ƙulla ta.

Ka fara da sanin dalilin sayarwar. Idan yana neman kuɗin ne don ya sayi wani gida ko ya biya bashi, da wuya ya saurare ka. Idan kuwa gajiya ya yi da bin 'yan haya da gyaran rufi, ko gidan ya yi watanni a kasuwa babu tayi mai ƙarfi, to kuɗin da zai riƙa shigo masa duk wata ba tare da wahala ba na iya burge shi. Ka kuma bincika ko gidan yana jingine a banki, domin yawancin yarjejeniyoyin jingina suna ba banki damar neman dukan kuɗinsa da zarar an sayar da gidan.

Da ka san waɗannan, sai ka sa buƙatar a cikin tayinka na farko a rubuce, ka ba shi zaɓi biyu: farashi ƙasa kaɗan kuɗi hannu idan za ka iya haɗa su, ko farashi sama da haka a biya kashi-kashi. Ka fayyace kafin alƙalami, da abin da za ka biya duk wata, da shekarun biya, da abin da zai faru idan ka gaza. Ka lissafa ko kuɗin hayar zai ɗauki nauyin biyan, sannan lauya ya duba takardun mallaka kafin ka sa hannu.