Giɓin da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe a dogon jirgin lambu

Yaro, ka tambaye ni me ya sa nake barin giɓi a mahaɗar ƙarafan dogon ƙaramin jirgin lambu, alhali a wayarka ka ga Turawa suna haɗa nasu tsaf ba a ganin tsaga. Da wani abu ka tambaya, cewa zan yi je ka duba da idonka. Wannan kuwa ta fama mini tsohon miki, don haka zauna.

Fara da awo. Dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya Kaura Namoda a 1929, faɗinsa milimita 1067 ne. Namu na lambu milimita 45 ne. Raba wancan da wannan, za ka samu kusan 24, wato duk abin da ka auna a jikin tarago na gaske ka raba shi gida 24. Kamfanin LGB na Jamus yana yin nasa a kan ɗaya bisa 22.5, domin jirgi mai faɗin mita ɗaya yake kwaikwaya. Ku yaran yanzu sai ku sauke zane daga intanet ku hau yanka, ba ku tambayi jirgin wace ƙasa ba ne, a ƙarshe ƙofar tarago ta fi mutumin da zai shige ta.

Ƙarfen dogo na tagulla da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin aljihunmu. Alminiyam muke saya wurin masu taga, mai kaurin milimita 3 da tsayin 12, mu tsaga wa katakon shimfiɗa gurbi mu dasa shi a tsaye. To alminiyam ba ya zama wuri ɗaya. Kowace mita tana ƙaruwa da milimita 0.023 a duk digiri ɗaya na zafi. Tagulla 0.019, baƙin ƙarfe 0.012. Safiyar hunturu a Gusau takan sauko wajen digiri 15, a Afrilu kuwa iska kanta tana haura 40, ƙarfen da ke kwance a rana ya wuce haka nesa, ba ka iya ɗora masa hannu. Ɗauki bambancin digiri 40 kawai: mita 10 ta ƙaru da milimita 9. Wanda ka gani a waya, a Ingila yake, ranarsa ba tamu ba ce.

Aikin da ya ci ni, zagaye ne na mita 40 a gidan wani attajiri da ke son jikokinsa su ga jirgi yana yawo cikin lambu. A Disamba aka shimfiɗa. Kowane sanda mita 2, kowace mahaɗa giɓin milimita 2, kamar yadda ya kamata. Ranar gwaji ya ji ƙafafun jirgi suna ƙas-ƙas a kan mahaɗa, sai ya ce, “Ni ba ni son wagga ƙara, a matse su.” Na yi masa bayani, ya ce shi ke biya. Bai tsaya nan ba, ya sa magininsa ya zuba siminti a ƙarƙashi, ya ce a ɗaure kowane katako da sukuru don kada yara su ture. Kuskurena ɗaya ne, na yarda, saboda rabin kuɗina yana hannunsa.

Lissafa da kanka. Mita 40 a bambancin digiri 40, kusan santimita 4 ke nan na ƙarfe da ba shi da wurin zuwa. Da a kan tsakuwa yake kwance, da zagayen ya ɗan buɗe waje ya sha abinsa. An ɗaure shi, sai ya nemi inda ya fi rauni. A kwanar da ke jikin katangar da rana ke duka tun hantsi, ƙarfen waje ya fasa gurbin katako shida ya bauɗe, faɗin dogo ya tashi daga 45 ya wuce 50. Kan jirgin da aka yi wata biyu ana ƙerawa ya zurma tsakani, ya kife kan siminti, gatarin gaba, wato sandan ƙarfen da ke riƙe ƙafafu biyu, ya lanƙwashe, giyar ta zube haƙora. Mutumin nan ya ce ruɓaɓɓen ƙarfe na sa masa. Cikon kuɗi bai fito ba har yau, kuma ya bi abokansa yana cewa aikina ba ya kai bazara. Kuɗin da sauƙi, sunan da ya ɓata mini ne ban yafe ba. Daga baya na ji ya kira wani yaro ya bi mahaɗun da zarto yana buɗe giɓin da ya sa aka toshe.

Ga yadda za ka yi. Kada sanda ya wuce mita 2, domin giɓin da ya haura milimita 3 yana cafke ƙananan ƙafafu. In da sanyin safiya kake shimfiɗawa, bar milimita ɗaya ga kowace mita. In da tsakar ranar bazara ce, ƙarfen ya riga ya miƙe, rabin milimita ya isa a mahaɗa. Guntun ruwan zarton ƙarfe kaurinsa ya ɗan haura rabin milimita, uku a haɗe sun ba ka kusan 2, ka ajiye su a aljihu su ne ma'auninka. Mahaɗa ta zauna cikin katako mai faɗi wanda gurbinsa ya riƙe bakin sanda biyu, ka kafe sandan a tsakiyarsa kaɗai, bakunan su riƙa zamewa. Mahaɗar hagu da ta dama kada su faɗo wuri ɗaya, musamman a kwana.

Siminti kuwa ka manta da shi. Haƙa rami zurfin santimita 10, ka daɓe ƙasan, ka cika da tsakuwar dutse fasasshiya mai milimita 3 zuwa 5. Ta rafi mai sulɓi ba ta riƙe katako. Katakon kirya ya fi, gara ba ta cika damunsa ba, in ba ka samu ba ka jiƙa wanda ka samu cikin baƙin mai kwana uku. Kwana kada ta matse ƙasa da mita 1.2 daga tsakiya, hawa kada ya wuce santimita 2 a mita, ka gwada da tiyon ruwa irin na magina. Tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa milimita 40, ka auna kowane gatari, kada ka yarda da ido. Yadda ake yanka da goge baki da magagari ba zan ɓata yawu a kai ba, wanda bai iya wannan ba shara ta kamace shi a shago.

Wuta ma kada ka bi ta dogo. Ƙurar hunturu da farar tsatsar alminiyam suna yanke ta kowane taku, jirgi ya riƙa tafiya yana shaƙewa. Sa batirin babur a taragon farko ka ja waya zuwa kan jirgi.

Mai aiki in ya ce maka a matse giɓi, ɗauko sanda biyu daidai tsawo, ɗaya a inuwa ɗaya a rana, bayan azahar ka jera masa su ya shafa bakin da yatsa. In ya ƙi duk da haka, mayar masa da kafin alƙalaminsa a gaban shaida ka kwashe kayan aikinka. Yanzu tashi ka duba mahaɗun da ka yi jiya, na ga biyu a kwanar gabas da ko takarda ba za ta shiga ba.