Amsoshin Tambayoyinku: Tayin Tsohuwar Aska a Gwanjon Intanet

Tambaya daga Garwa: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina wanzami ne, kullum yana begen wata askar Jamus da ya gada wajen kakanmu, wadda ta ɓata shekarun baya. Na ga irinta a gwanjon eBay. Sau biyu ina tayawa ana kayar da ni a mintin ƙarshe. In ƙara kuɗi ne, ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya, ya bar zumunci.

Kada ka ƙara ko dala sai ka zauna da biro da takarda. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuma wannan canjin ba ya motsi. Aska ta yuro 40 ta haura sefa 26,000 tun ba a ɗaure ta a kwali ba. Ɗora kuɗin aikowa, da na kwastan, da abin da banki zai cira a katinka. Da yawa daga masu sayarwa ma ba sa aiko kaya Kamaru, sai dai ka ba da adireshin wani ɗan'uwa a Faransa. Ka cire duk waɗannan daga abin da aljihunka zai iya ɗauka, ragowar ita ce iyakar tayinka.

Gwanjon nan ba irin cinikin kasuwar shanu ta Adumri ba ne, inda za ka taya, dillali ya ce albarka, ka ƙara. A eBay iyakarka kake rubutawa, na'ura ta riƙa taya maka kaɗan-kaɗan, ba ta kai ƙarshen kuɗin sai an matsa mata. Mai taya tun da wuri yana ƙarawa da yuro ɗai-ɗai, tallata kayan kawai yake yi wa abokan hamayya. Rubuta iyakarka sau ɗaya, saura 'yan daƙiƙu a rufe, ka ɗan ɗora wutsiya, kamar 41.60 maimakon 40 cif. In an wuce ka, ka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Garin Solingen na Jamus ya ƙera aska ba adadi, wata za ta fito mako mai zuwa. Ka kuma duba farashin waɗanda aka riga aka sayar, shi ne farashin gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne hoto. Mutane na yi wa rogo kallon kitse saboda an goge ƙarfe yana ƙyalli. Buɗe hoton ka matso da bakin askar. Tsaga ko da siririya ce kamar gashi, bar ta. Tsatsa a gadon baya tana gogewa, amma ƙananan ramuka a kusa da kaifi ba su da magani, ana wasawa bakin na marmashewa. In gadon bayan ya shafe ya yi faɗi, dutsen wasawa ya riga ya cinye ta. Wasu tsofaffin ƙotoci na seluloyid ne, wato wani tsohon nau'in roba, idan suka fara ruɓewa sukan fitar da iskar da ke cin ƙarfen. Alamarsu tsatsa daidai inda ruwan askar ke kwanciya cikin ƙota. Ka nuna wa Baba hotunan kafin ka taya, idonsa ya fi namu sanin ƙarfe.

Tambaya daga Injamena: An nuna mini gidan reza Gillette Fatboy, wai na 1959. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Ka nemi hoton ƙarƙashin kansa. Akwai harafi da lamba: harafin na shekara ne, lambar 1 zuwa 4 kuma rubu'in shekara. An yi Fatboy daga 1958 zuwa 1961, da haruffa D, E, F, G, don haka na 1959 E zai nuna. Ka sa mai shi ya tabbatar maka zoben lambobi 1 zuwa 9 yana juyawa, ƙofofi biyu da ke rufe reza a kansa na rufewa daidai. In ya iso, wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ka goge da barasar asibiti, sannan ka sa sabuwar reza.