Baffana ya ce faɗa wa wani damuwata kai ƙarar Allah ne

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Amcide ne a arewacin Kamaru, tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tashe mu muka dawo Marwa, yanzu acaɓa nake yi. A gabana aka harbe ƙanena. Har yau in taya ta fashe ko aka bugo ƙofa da ƙarfi sai jikina ya ɗauki rawa, da dare kuma mafarkin ranar nake yi. Da safe sai na haɗiyi tiramol nake iya hawa babur, wani lokaci ina kan titi sai in ji da ma babbar mota ta bi ta kaina in huta. Abokina ya haɗa ni da wani matashi da ake ce wa koci, yana ba da shawara ta WhatsApp, ana biyansa duk wata. Baffana ya ce haramun ne, kai ƙarar Allah ne wurin bayinsa, kuma mai imani ba ya ciwon damuwa, in je a yi mini ruƙiyya. Ya halatta in shiga wurin kocin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya karɓi shahadarsa, ya yaye maka.

Ɗana, kan koci ka yi tambaya, amma ni abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka maganar babbar mota ce, da ka ambata a tsakiya ka wuce. Da damuwar kasuwa ce kawai ko ƙuncin gida, sai in ce neman shawara halas ne, ka ga dama ka je, ka ga dama ka bari. Amma mutumin da tunanin mutuwa ke zuwar masa yana riƙe da kan babur, ga ƙwaya a cikinsa, ga fasinja a bayansa, neman magani a kansa wajibi ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halakar rai ko tawayar wata gaɓa. Kai kana cikin wannan, kuma ba ranka kaɗai ke cikin haɗari ba.

Shi wannan tunani da yake faɗo maka ba a rubuta maka zunubinsa ba, don ba kai ka kira shi ba, kuma Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ba. Kada ka ɗora wa kanka nauyin cewa ka fita daga imani. In ya zo, ka yi addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar ga wanda cuta ta matsa wa: Allah ka raya ni in rayuwa ce mafi alheri gare ni, ka ɗauke ni in mutuwa ce mafi alheri. Sannan ka sauka daga babur a ranar, ka faɗa wa mutum guda da ka amince da shi, ko matarka ko aboki. Kada ka kwana da shi kai kaɗai.

Yanzu maganar baffanka. Ban ɗauke ta da wasa ba, domin tana da asali. Akwai magabata da suka ƙi nishin mara lafiya, an ruwaito haka daga Ɗawus, aka kuma ruwaito cewa da labarin ya isa ga Imam Ahmad a ciwon ajalinsa bai ƙara yin nishi ba. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da faɗin Annabi Yaƙubu a Suratu Yusuf, aya ta 86, cewa ga Allah kaɗai yake kai kukan baƙin cikinsa. Sai dai hujjar ba ta kai inda ake son kai ta ba.

A duba ayoyin da ke kewaye da ita. Yaƙubu ya furta "ya baƙin cikina a kan Yusufu" a fili, 'ya'yansa suka ji har suka yi masa faɗa, kuma Alƙur'ani da kansa ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Annabi ne ɗan annabi, ya yi shekaru yana ɗauke da rashin ɗa guda, Allah bai ce imaninsa ya yi rauni ba. To ina aka samo cewa mai imani ba ya ciwon damuwa? Kuma a aya ta gaba, ta 87, sai ya tura 'ya'yansa su je cigiyar Yusufu da ɗan'uwansa. Ke nan kai kuka ga Allah bai hana shi bin sababi ta hannun mutane ba.

Annabi (SAW) ya sauko daga Hira zuciyarsa tana bugawa, ya ce wa Nana Khadija ya ji wa kansa tsoro, ita kuma ta kwantar masa da hankali, ta kai shi wurin Waraƙa. Nana A'isha ta ce wayyo kaina, ya ce a'a, ni ne dai wayyo kaina. Ya gaya wa Ibn Mas'ud cewa zazzaɓin mutum biyu yake ji. Bukhari ya ware babi guda a kan rangwamen da aka yi wa mara lafiya ya faɗi ciwonsa. Abin da malamai suka hana shi ne kukan da ke ɗauke da fushi da hukuncin Allah, irin na mai cewa me na yi wa Allah. Amma ba da labarin halin da kake ciki ga wanda kake fatan taimako a wurinsa, Ibnul Ƙayyim ya faɗa ƙarara cewa ba ya taɓa haƙuri, ya kuma buga misali da mara lafiya a gaban likita. Abin da Imam Ahmad ya yi tsantseni ne da ya zaɓa wa kansa yana bakin mutuwa, bai mayar da shi doka a kan jama'a ba. Mu kuma a nan Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, muke karantawa tun muna yara, a cikinta an ce babu laifi ga yin tofi da neman magani da shan sa. Duka biyun aka jera a wuri guda, ba a ce ɗaya ya kori ɗaya ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da matsalarka. Idan aka yi rasuwa a dangin Nana A'isha, mata suka watse, sai ta sa a dafa talbina, wato wani irin kunu mai laushi na gari, ta ce su sha, don ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Ga baƙin ciki ana yi masa magani ta hanyar jiki, a gidan Annabi. Likitocin Musulmi ma ba su bar fannin ba: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rarrabe baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda yake zuwa ba dalili, ya ce na biyun yana buƙatar maganin jiki.

Ruƙiyya da Alƙur'ani da zikirin safe da yamma, babu saɓani a kansu, ka riƙe su. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne mai ruƙiyyar da zai ce aljani ne kawai, ka bar asibiti, ko ya ɗauko bulala, ko ya ce wane ne ya yi maka asiri. Kai ka san ranar da ciwonka ya fara, ka san abin da idonka ya gani.

Shi kuwa kocin, sauraronsa ya halatta, biyansa ma ya halatta in an san adadin kuɗin da abin da za a yi a kansu. Amma bai isar maka ba, kuma wajibin da ke kanka ba ya sauka da shi. Koci ba likita ba ne, da yawansu kwas ɗin 'yan makonni suka yi, aikinsu ƙarfafa gwiwa da tsara rayuwa ga wanda yake da lafiya. Alamomin da ka lissafa, firgita da mafarki da dawowar abin da ya faru shekaru bayan wucewarsa, ciwo ne sananne da likitocin ƙwaƙwalwa suke da hanyoyin magance shi, kuma an gan shi sosai a cikin waɗanda suka gudo daga garuruwan Kolofata da Fotokol da masu zama a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo. Zuwa wurinsu ba ya nufin ka haukace. Ka je babban asibiti ka nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ka faɗa musu maganar motar kamar yadda ka faɗa mini. Na kuma ji wasu daga cikin masu sana'ar koci ta waya suna koyar da cewa tunanin mutum shi ke janyo masa duk abin da ya same shi. In naka ya faɗi haka, ka rabu da shi. Wannan ya saɓa wa imani da ƙaddara, kuma zalunci ne a gaya wa wanda aka kashe ƙanensa a gabansa cewa tunaninsa ne ya jawo.

Tiramol ɗin da kake saye a bakin titi ba da umarnin likita ba, bai halatta ka ci gaba da shi a haka ba, don yana taɓa hankali, yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya idan ya yi yawa, kuma da shi kake ɗaukar mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na san ba don nishaɗi ka fara ba. Amma kada ka yanke shi dare ɗaya bayan jiki ya saba, likita ne zai rage maka a hankali. Ka gaya masa adadin da kake sha ba tare da ragewa ba, domin tiramol yana karo da wasu magungunan damuwa, haɗa su yana da haɗari. In an ba ka magani, ka sani yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada ka watsar a mako na farko, kada kuma ka daina don azumin nafila ko don wani ya ce ka warke.

Idan mace ce aka haɗa ka da ita a asibiti, babu laifi, a dai kauce wa keɓewa a ɗaki rufe. Ambaton wani a cikin bayanin ciwonka gwargwadon buƙata ba giba ba ne.

Baffanka kuma kada ka yi musu da shi, ba na jin yana nufin ka da sharri, wataƙila shi ma da abin da yake haɗiyewa tun daga Amcide. Ka karanta masa wannan amsa cikin ladabi, ka roƙe shi ya raka ka asibitin. In ya ƙi, ka tafi, izininsa ba sharaɗi ba ne a nan.

Wallahu a'alam.