Amsa: Me baje kolin duniya ya canza a Sin?

Malam, ka tambaya ko waɗannan bukukuwan, inda ƙasashe ke haɗuwa kowace ta baje kayanta, sun taɓa Sinawa. Sun taɓa su ƙwarai, ta hanyar kunya. Shekaru da dama Turawan hukumar kwastan ta Sin, ƙarƙashin shugabanta Robert Hart, su ke zaɓar kayan da za a baje da sunan Sin. A St. Louis ta Amurka, 1904, Yarima Pu Lun na gidan sarautar Sin ya jagoranci tawagar ƙasar, amma Sinawa suka tarar an baje lofen shan ofiyom (wani abin maye) da 'yan takalman matan da aka ɗaure wa ƙafa tun suna yara don kada ta girma. Wallahi abin da ciwo, a nuna ka haka a idon duniya. Ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ca, gwamnatin Sin ta karɓe ragamar daga hannun Turawan kwastan. A 1910 Sinawa suka shirya nasu baje kolin a birnin Nanjing.